Yadda Ake Gane Tsohuwar Fitilar Jirgin Ruwa Kafin Ta Hau Sikeli

Sakkwato ba ta da teku, gulbin Rima ma kwale-kwale ne kawai ke ratsa shi, amma kayan jirgin ruwa suna shigowa garin nan. Suna biyo 'yan gwangwan namu da ke ci-rani a Legas da Fatakwal, da masu sarin kayan gwanjo daga Kwatano. Fitila, ƙararrawa, tagar jirgi mai da'ira, kamfas mai nuna alƙibla, duk sukan faɗo cikin tarkace, kuma galibi makomarsu ɗaya ce: a ɗora a sikeli, a biya kuɗin kilo, a kai a narke. Wasunsu kuwa sun ninka kuɗin ƙarfensu sau da yawa a wajen masu tara kayan tarihi da masu ƙawata otal. Ga yadda za ka tantance kafin ka rabu da kaya.

Fara da maganaɗisu. Ko na tsohuwar sifika ya isa. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, ko da an yi masa rufin da ke ƙyalli kamar tagulla. Idan bai kama ba, ɗan karce wani lungu a ƙasan fitilar, inda ido ba ya kaiwa. Ja-ja jan ƙarfe ne, ruwan ɗorawa tagulla ce, fari mai rashin nauyi kuma goran ruwa ne, wanda yawanci na baya-bayan nan ne. Kada ka yar da fitila don maganaɗisu ya kama. Jiragen dakon kaya da yawa sun yi aiki da fitilun ƙarfe mai rufin tutiya, sai dai kuɗinsu bai kai na jan ƙarfe ba.

Daga nan sai ka gane aikin da fitilar take yi a jirgi, domin nan ne na jabu suke yawan tona kansu. Tun 1848 Ingila ta wajabta wa jiragenta masu aiki da tururi su kunna ja a gefen hagu, kore a gefen dama, fara a saman jirgi, kuma har yau dokar teku ta duniya a kan haka take. Kowace fitila da iyakar faɗin da haskenta zai kai. Ta gefe tana haska digiri 112.5, shi ya sa za ka gan ta da bango biyu a rufe kamar kusurwar ɗaki, gilashin yana gaba kaɗai. Ta sama digiri 225, ta bayan jirgi 135. Wadda ake ratayawa idan jirgi ya tsaya ya jefa anga ita ce mai gilashi zagaye, fara, ana hangenta ta ko'ina. Saboda haka in aka kawo maka jar fitila mai gilashi zagaye, an rubuta mata PORT wai ta gefen hagu ce, to ta adon falo ce.

Yanzu duba gilashin da kyau, don shi ne rabin kuɗin. Na asali yana da kauri, da layuka masu tudu a jere da ke tattara haske su harba shi nesa, fasahar Bafaranshen nan Augustin Fresnel ta shekarun 1820. Launin kuma a jikin gilashin yake, ko kuma gilashin fari ne aka zura wani falle mai launi ta ciki. Sa farce ka kankara. In launi ya fita, fenti ne. Wani abu da kan ruɗi mutane: gilashin tsohuwar fitilar dama yakan yi kama da shuɗi idan ba a kunna ba. Ba kuskure ba ne. Harshen wutar kananzir ruwan ɗorawa ne, sai ya ratsa shuɗin sannan ya fito kore. Ni dai in na ga wannan shuɗin, hankalina ya fi kwanciya da kayan.

Buɗe ƙofar ka leƙa ciki. Ta zamanin kananzir tana da tankinta, da mazaunin lagwani, wani lokaci da faifai mai mayar da haske a baya, saman murfin kuma ya yi baƙi da kunkunniya. Wadda aka huda aka zura mata waya aka cire tanki ta rage daraja. Duba maratayi da hinjin ƙofa: inda hannu ya shekara yana taɓawa ya sha, ya yi sumul, lungu kuma ya tara kore. Tsufan jabu da aka yi da sinadari iri ɗaya yake fita ko'ina, har inda ruwa ba zai taɓa shiga ba. Sukurori masu kan gicciye sai a shekarun 1930 suka fara yaɗuwa, don haka in an ce maka kayan ƙarni na 19 ne ka gan su a jiki, ko dai an yi gyara ko an yi ƙarya.

Sai tambarin maƙera. Nemi ɗan faranti da aka manna da dalma, ko sunan da aka buga a jiki. Perko da Wilcox Crittenden na Amurka ne, Davey na Landan, Simpson Lawrence na Gilasgo, DHR na Rotadam a Holan. 'Yar kibiya mai ƙafa uku alama ce ta kayan gwamnatin Birtaniya. Amma suna kaɗai ba hujja ba ne. Kasuwa cike take da kamfas da madubin hangen nesa masu rubutun Kelvin & Hughes London 1917, alhali kamfani mai wannan suna sai 1947 aka kafa shi. Irinsu a Indiya ake ƙera su da yawa. Daga Indiyar dai na gaskiya ma suke fitowa, daga Alang inda ake farfasa tsofaffin jirage, don haka jin an ce daga can aka kawo bai yanke hukunci ba. Ƙararrawar da aka rubuta wa Titanic 1912 kuwa, auna ta kawai ka karɓi kuɗin kilo.

Ƙararrawa mai sunan jirgi da shekara ita ce ta cancanci bincike. In sunan ya dace da jirgin Elder Dempster, tsohon kamfanin jiragen ruwa na Birtaniya, ko na kamfanin jiragen ruwa na Najeriya da aka kafa a 1959 aka rushe a 1995, ko ɗaya daga jiragen da suka yi zirga-zirga a kogin Neja tsakanin Burutu da Lakwaja da Baro, to tarihi ne a hannunka. Irin wannan kada ka yi gaggawar fitar da shi waje sai ka tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don akwai doka kan fitar da kayan tarihi.

Babban abin da ke karya farashi a wajenmu shi ne tsabta. Yaron shago ya ga fitila ta yi duhu, sai ya ce, “Maigida, bari in sa mata toka da lemun tsami ta fito.” Hana shi. Wannan duhun shi ne shaidar shekarunta, kuma mai saye zai iya gogewa da kansa in yana so, amma ba mai iya mayar da shi. Busasshen tsumma da tsohon buroshin haƙori sun wadatar a kakkaɓe ƙurar hunturu. Bushewar iskar Sakkwato ma gata ce ga irin wannan kaya, muddin ba a bar su a tsakar gida da damina ba. Kamfas mai lambobi masu haske cikin duhu kada ka buɗe shi, don wasu tsofaffin fentinsu na da sinadarin radiyom mai cutarwa.

Wajen sa kuɗi, fara da aunawa ka lissafa da farashin kilo na ranar. Ƙasa da wannan ba ka sayarwa. Sannan ɗauki hoto ta kowane gefe, da na tambari, da na ciki, ka aza ma'auni a kusa don a ga tsayi. Shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka rubuta sunan maƙerin, ka zaɓi jerin kayan da aka riga aka sayar, ba waɗanda masu su suka yi wa kuɗin buri ba. Kwatanta da mai girma da lafiya irin naka. Ja da kore na maƙeri ɗaya, girma ɗaya, sun fi tsada a haɗe, kada ka raba su ko da an matsa maka. Tsagewar gilashi tana zaftare kuɗi sosai, lotsewa kaɗan a jiki ba ta da wani tasiri. Daga abin da ka gani sai ka cire kuɗin aikawa da ladan dillali, domin tagar jirgi guda ta tagulla tana iya yin nauyin da kuɗin aika ta zai cinye ribar. In lissafin bai fita ba, nemi masu otal da gidajen abinci a Abuja ko Legas ka tura musu hotunan ta WhatsApp, ka faɗi kuɗinka da ɗan sarari na ciniki.