Yadda za ka auna maganar wutar nukiliya

Da farko dai ka raba tashar lantarki da bam, ba ɗaya ba ne. A tashar, ma'adinin yuraniyam ne ke ba da zafi, ruwa ya tafasa, tururi ya juya injin dare da rana ba hayaƙi, haka Faransa ke samun mafi yawan wutarta. Sai ka duba batun layin wuta, injin ɗaya kan ba da megawat 1000, to wayoyinmu na Najeriya da ke yawan faɗuwa za su ɗauka? Sannan sharar nukiliyar, ina za a binne ta, wannan kam na damuna wallahi, dubi tulin tarkacen ma'adinai a Arlit, garin haƙar yuraniyam a Nijar, kusa da gidajen mutane. Ni dai ina so a gina tashar a Najeriya, amma a gyara wayoyi tukuna.