Hitar cikin filta ko ta cikin tanki: inda masu kiwon kifin ado suke kuskure

Masu kiwon kifin ado kan yi muhawara kan wace hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ta fi tsimin wuta: ta cikin filta (na'urar tace ruwa) ko ta cikin tanki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa wata hita ta fi wata iya sarrafa lantarki. Ko wadda ake nutsawa cikin tankin gilashi, ko wadda aka haɗa da filta kamar Oase BioMaster Thermo, ko wadda ake ɗaurawa a kan tiyo kamar Hydor ETH, aikinsu iri ɗaya ne: wuta ta bi ta waya, wayar ta yi zafi. Kusan duk lantarkin da hita ta sha zafi yake komawa, don haka wat 100 a nan wat 100 ne a can. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ina zafin yake zurarewa.

A nan ta cikin tanki ta ɗan yi gaba, domin ruwa ne ya kewaye ta ko'ina. Filtar da ke zaune a waje kuwa, jikinta da dogayen tiyonta suna sakin zafi ga iskar ɗaki. Maganin mai sauƙi ne: a rage tsawon tiyo, a naɗe shi da soson rufe bututu. Sai dai ita ma ta cikin tankin ana yawan ɓata mata aiki. Mutum zai ɓoye ta a lungu bayan duwatsu don kada ta ɓata kwalliya, ruwan wurin ba ya motsi, ya yi ɗumi, na'urar daidaita zafi ta kashe kanta alhali ɗaya gefen da sanyi. Daga nan sai a ƙara murɗa ta sama. A kawo ta kusa da inda ruwan filta yake fitowa, ma'aunin zafi kuma ya koma can ɗaya ƙarshen.

Wasu suna sayen ƙaramar hita wai don rage kuɗin wuta. Ba ya ragewa. Babba takan yi aiki na ɗan lokaci ta huta, ƙarama ta yini a kunne, abin da aka sha kusan ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin wat 1 ga kowace lita. Wadda ta yi girma da yawa kuma tana da haɗari: idan ta maƙale a kunne, kafin a ankara ta dafa kifin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu wannan muhawara da yawa tankinsu a buɗe yake. Lita 1 ta ruwa idan ta tashi ta bi iska, tana tafiya da zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na lantarki, wanda ya isa ya sauke zafin lita 100 da kusan digiri 6. Murfi kaɗai yakan yi tsimin da sauya hita ba zai yi ba. Haka kuma yawancin kifayen ƙasashe masu zafi digiri 24 zuwa 27 ya ishe su. Kai su 29 ba tare da dalilin magani ba ƙarin kuɗi ne kawai.

Mai hitar filta ya tuna cewa idan famfon da ke tura ruwan filtar ya tsaya ko filtar ta toshe, ɗumin ba zai isa tanki ba, saboda haka wanke ta a kan kari wajibi ne. Mai hitar gilashi ta cikin tanki kuma ya cire soket ya bar ta ta huce kamar minti 15 kafin ya rage ruwa, domin idan iska ta same ta da zafinta tana iya tsagewa.