Yadda ake lissafin kayan da ƙaramin yaro mai nakasa yake buƙata kafin a fita neman tallafi

Ɗan ƙanwata a Daura shekararsa huɗu. Shawara ce ta kama shi a satin haihuwa, aka tsaya jiƙe-jiƙe kafin a kai shi asibiti, har ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Har yau wuyansa bai gama tsayawa ba. Bara aka yi rabon kekunan guragu, sunansa ya fito, muka yi ta hamdala. Da keken ya iso, ashe na manya ne. Aka ɗora yaro ya zame gefe guda, ƙafafunsa suna reto, uwar ta cusa filo biyu da zani duk a banza. Bayan kwana uku keken ya koma zaure. A watan nan kuwa abin da ya hana ta barci kuɗin famfas ne, da maganin farfaɗiya, da kuɗin mota zuwa Katsina wajen gashi, wato motsa masa gaɓoɓi a asibiti. Babu wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta taɓa zama ta rubuta ba.

Daga nan muka koyi yin lissafi kafin mu buɗe baki mu roƙi kowa. Ga yadda muka bi.

Mataki na farko, a sayi ƙaramin littafi a ajiye kusa da shimfiɗar yaron, a yi kwana 7 ana rubuta duk abin da aka yi amfani da shi. Famfas nawa aka canza yau? Sau nawa aka wanke zanin gado? Awa nawa ya yi a kwance, wa ya ɗauke shi zuwa banɗaki, yana ƙwarewa idan ana ba shi koko? Wadda take wuni da yaron ita za ta faɗa, ko da wani ne zai riƙe biro. Na ga maigida ya rantse famfas biyu ake sawa a rana, matar ta ɗaga kai ta ce, “Malam, biyar ne, ba ka nan ake canza uku.”

Mataki na biyu, a kai yaron wurin masu ilimin abin, a tafi da littafin. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda mutane suka fi sani da Medikal Santa, da Asibitin Janar Amadi Rimi da ake kai matsalar ƙashi, da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Idan abin ya fi ƙarfinsu sukan tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko cibiyar kunne da ta ido da ke Kaduna. Kada a fito daga ɗakin likita sai an sami amsar tambaya huɗu a rubuce: wane kaya yaron yake buƙata, wane girma, tsawon wane lokaci zai yi kafin a sake shi, kuma me yake tafiya tare da shi. Idan keke ne, a sa likitan gashi ya auna faɗin ƙugu, da tsawon cinya zuwa bayan gwiwa, da tsawon ƙauri zuwa tafin ƙafa, ya kuma faɗa ko yaron na buƙatar matokarin kai da ɗamara. Ku kuma ku gaya masa yadda gidanku yake. Lungunanmu rairayi ne, ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi, kuma akwai zauren da ƙofarsa ba ta wuce keke.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin, a nan nake so a daɗe. A raba kayan gida uku a shafi uku.

Shafin farko na kayan da ake saya sau ɗaya su daɗe: keke, na'urar jin magana, katifa, kujerar bahaya. Wannan kowa ya san shi, shi ake ɗauka hoto ranar rabo.

Shafi na biyu na kayan da yaro yake girma ya bari. Babba idan ya sami takalmin ƙarfe ya samu ke nan na shekaru, amma ƙafar ɗan shekara uku ba ta jira. Robar da ake ɗaura wa ƙauri don miƙar da ƙafa takan matse cikin shekara, wani lokaci ma ba ta kaiwa. Jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa ana sa masa siminti ana canzawa duk sati, kamar sau 5 zuwa 8, sannan a koma takalmi mai sanda a tsakani, wata uku kusan dare da rana, daga nan sai da dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. Takalmin nan za a sake girma sau da yawa, kuma iyaye da dama a nan suke yankewa, ƙafa ta koma gidan jiya. Haka robar da ake zuba wa kunne don riƙe na'urar ji: kunnen ƙaramin yaro na girma, cikin 'yan watanni ta saki, na'urar ta riƙa fito. Kowane kaya a rubuta a gabansa sau nawa za a sake shi a shekara.

Shafi na uku na abin da ke ƙarewa, kuma shi ne yake cinye gida a ɓoye. A ɗauki abin da littafin nan ya nuna a ninka. Famfas 4 a rana, 120 ke nan a wata, 1,460 a shekara. Ranar da ƙanwata ta ga wannan adadi a takarda shiru ta yi na ɗan lokaci. A ƙara sabulu, da omo, da basilin, da ledar shimfiɗa, da auduga. Mai na'urar ji, ɗan batirin nan mai kamar maɓalli yakan yi sati ɗaya zuwa biyu, idan kunne biyu ne a ninka biyu, kuma a ɓoye shi nesa da yara don haɗiye shi haɗari ne babba. Yaron da aka haifa da matsalar laka wanda ake zuƙe wa fitsari da roba duk bayan awa uku ko huɗu, a rubuta robar, da man da ake shafa mata, da sabulun wanke hannu. Zabiya yana buƙatar man kare fata daga rana, da malafa, da riga mai dogon hannu, ranar Katsina kuwa kun san ta. Maganin farfaɗiya a sa shi a layin farko, a ja masa layi biyu, domin yanke shi kwatsam don kuɗi sun ƙare yana iya tayar da jijjiga mai tsanani.

A wannan shafin ne kuma kuɗin mota zai shiga. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, kuma ba mutum ɗaya ke tafiya ba, uwa ce da yaro da mai taya ɗauka. A haɗa da Napep daga tasha zuwa asibiti, da kuɗin kati, da abincin rana, da wunin da aka rasa ba a yi sana'a ba.

Mataki na huɗu, farashi. A tambayi wuri uku, a rubuta kwanan wata a gefen kowane farashi, domin na watan jiya ba na yau ba ne. Famfas da kwali a Babbar Kasuwa ya fi sauƙi a kan ɗai-ɗai a shagon unguwa. A ware wani abu na gyara: faci, birki, walda. Ni nakan ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan jimla saboda tashin kaya. Kafin a sa kuɗin kaya na waje, a tambayi likitan gashi abin da kafinta zai iya yi. Kujerar kusurwa da yaronmu yake zama a kai yanzu, kafinta ne ya haɗa ta da falanki da soso bisa awon da likita ya rubuta, kuma ta fi keken nan amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar, a jera bisa gaggawa. Abin da rashinsa zai taɓa rai ko ya jawo gyambon kwanciya shi ne gaba. Sai abin da ke da lokaci, kamar na'urar ji, tunda shekarun farko ne yaro ke kama magana. Sauran su biyo.

Na ƙarshe, a tattara komai a shafi ɗaya: jimlar saye sau ɗaya, jimlar wata, jimlar shekara, da abin da gida zai iya ɗauka da kansa. A faɗi wannan da gaskiya, yana sa mai bayarwa ya amince. A haɗa da takardar likita, a yi kwafi da yawa. Babban kaya a nufi ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin masu nakasa, da masu fitar da zakka. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ita ta haifar da hukumar kula da su ta ƙasa, don haka a shiga ofis da kai a sama. Kayan wata-wata kuwa na fi son a raba wa dangi, kowa da layinsa. A gidanmu kawun yaron ya ɗauki magani, ni na ɗauki kuɗin mota, gwaggonsa tana kawo kwalin famfas duk ƙarshen wata.

A rubuta ranar da za a sake awo a bangon littafin, bayan wata shida. Mu mun ɗaura namu da ƙaramar salla da kuma Mauludi, don kada a manta.