Yadda ake neman gurbin bincike bayan digiri na uku a fannin filazma da yanayin sararin samaniya

Filazma iskar gas ce mai cajin lantarki, irin wadda rana ke fitarwa. Gurbin da ake kira fosdok, wato aikin bincike bayan digiri na uku, iri biyu ne, kuma neman kowanne daban yake. Na farko, wani farfesa ya samu kuɗin aiki, ya sa talla yana neman mai taya shi na shekara biyu ko uku. Na biyu, kai ne za ka rubuta tsarin bincikenka, ka nemo cibiyar da za ta karɓe ka, sannan ka gwabza da sauran masu nema. Tallan iri na farko yana fitowa a EURAXESS, shafin guraben bincike na Tarayyar Turai, da shafin guraben aiki na AAS, ƙungiyar masana taurari ta Amurka, galibi daga Satumba zuwa Janairu.

Kafin ka ɓata dare kana rubutu, duba sharaɗin cancanta. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yana rufewa a Satumba, kowane ɗan ƙasa zai iya nema, amma kada ka wuce shekara 8 kana bincike bayan digirin, kuma kada ya zama ka zauna a ƙasar da kake son zuwa fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana ba da wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara 4 da kammalawa ba, tana kuma da tallafin Georg Forster don 'yan ƙasashe masu tasowa. A Amurka akwai shirin fosdok na NASA da tallafin Jack Eddy na shekara biyu. A Japan akwai tallafin JSPS, hukumar bunƙasa kimiyya ta ƙasar. Na ESA, hukumar sararin samaniya ta Turai, kuwa na 'yan ƙasashen da ke cikinta ne da masu yarjejeniya da ita, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ya nemi wata ƙofar.

Inda aka fi faɗuwa shi ne mai masauki, wato malamin da zai karɓe ka a cibiyarsa. Rubuta masa tun wata huɗu kafin ranar rufewa. Wasiƙar ta zama gajera: takardarsa da ka karanta, tambayar da ta bari a buɗe, da abin da kake da shi na amsa ta. Haɗa da hoto ɗaya daga aikinka. Wasiƙar da aka aika wa mutum talatin da kalmomi iri ɗaya ana gane ta tun layin farko.

To me za ka nuna? Bayanan fannin nan kyauta suke. Na taurarin ɗan adam na MMS guda huɗu da aka harba a 2015, da kumbon Parker Solar Probe na 2018, suna nan a CDAWeb, rumbun bayanai na NASA. Na iskar rana, wato filazmar da ke kwararowa daga rana, a shafin OMNIWeb. Na taurarin ɗan adam na Swarm a wurin ESA. Da Python da manhajar pySPEDAS za ka iya ɗaukar guguwar maganaɗisu ta 10 zuwa 11 ga Mayu 2024, wadda ta kai G5, mataki mafi tsanani, ka bi ta tun daga iskar rana har zuwa abin da ma'aunin maganaɗisu ya rubuta a ƙasa. Kuskuren da ke yawan fitowa a nan shi ne cakuɗa tsarin kusurwoyi: ka ɗauki Bz, wato ɓangaren arewa da kudu na maganaɗisun iskar rana, a tsarin GSE alhali tsarin GSM ake buƙata, ko ka manta da jinkirin kusan awa ɗaya daga L1, wurin da ake auna iskar rana tsakanin rana da duniya, zuwa duniya, sai sakamakon ya yi kyau a ido amma ba daidai ba. Alƙalan tallafi suna lura da irin wannan.

Mai nema daga Afirka ta Yamma yana da abin da wasu ba su da shi. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma bayan faɗuwar rana kumfar filazma kan tashi a ayonosfiya, sashen sama mai cajin lantarki, ta rikita siginar GPS. Na'urorin awo a nahiyar ba su da yawa idan aka kwatanta da Kudancin Amurka, saboda haka wanda ya yi aiki da bayanan tashoshin awon maganaɗisu na MAGDAS a Abuja da Ilorin, ko na Cibiyar Binciken Sararin Sama ta NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, da ke Anyigba, ya sa wannan a sakin layi na farko. SANSA, hukumar sararin samaniya ta Afirka ta Kudu, a Hermanus, da cibiyarta mai aiki dare da rana tun 2022, da cibiyar fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya inda ake kula da NeQuick, samfurin lissafin ayonosfiya, duk suna son irin wannan hannun.

Tsarin binciken ya tsaya kan tambaya ɗaya da za a iya gamawa cikin wata 24, da jadawali, da abin da za ka yi in bayanan suka ƙi. "Zan nazarci tasirin rana a kan duniya" buri ne kawai. Masu rubuta maka wasiƙar shaida, yawanci mutum biyu ko uku, ba su tsarin da ranar rufewa wata guda kafin lokaci, ka kuma tuna musu saura mako, domin wasu shirye-shiryen ba sa duba takardar da wasiƙa ɗaya ta ɓace a cikinta. In kana jiran jami'a ta fitar da takardar shaidar digiri, nemi wasiƙar da ke tabbatar da ranar da ka kare kundinka, don Marie Curie tana karɓar wanda ya kare kundinsa kafin ranar rufewa ko da takardar ba ta fito ba.