Yadda Na Raba Shayi Da Kwanon Abinci, Jinina Ya Dawo

Hawan bene ne ya tona min asiri. Matakala goma kacal, sai ga ni a tsaye ina haki kamar wadda aka biyo a guje. Na ja fatar idona ta ƙasa a gaban madubi, cikinta fari fat. Da aka auna jinina, ma'aunin himoglobin (sinadarin da ke sa jini ja) bai kai 12 ba, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa macen da ba ta da ciki (namiji 13, mai ciki 11). Abin ya ɗaure min kai, don wake da ganye ba sa yanke min. Ashe ci kawai nake yi, jikin ba ya karɓa.

Sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, iri biyu ne. Na nama da hanta da kifi yana shiga jiki ba gardama. Na wake da ganye da hatsi kuwa ɗan wahala ne, sai an yi masa rakiya, kuma abu kaɗan ke tare masa hanya.

Babban mai tare hanyar shi ne shayi. Ni da kofina a gefen kwano muke zama, loma ɗaya kurɓa ɗaya. Wannan ɗan baurin da kike ji a harshe shi ke kama ƙarfen a hanji, ya fita da shi. Ba cewa na yi ki daina ba (ni ma ban iya ba), ki dai ba shi tazarar awa ɗaya bayan cin abinci. Haka kofi, haka madara.

Ɗan rakiyar kuma bitamin C ne. Ki matsa lemun tsami a kan wake bayan kin sauke tukunya, ba tana wuta ba, domin zafi na kashe shi. Ɗanyen tumatir ko tsokar lemun zaƙi ma, ki sha a zama ɗaya da abincin.

Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan. Yana rage abin da ke riƙe ƙarfen, ga saurin nuna.

Mace mai jinin al'ada tana bukatar kusan miligiram 18 na ƙarfen a rana, namiji 8, mai ciki 27. Shi ya sa ke da maigida kuna cin abinci ɗaya, ke kaɗai ke jiri.

Kada ki yi gaggawa. Ƙwayar jini takan yi kusan kwana 120 kafin sabuwa ta maye gurbinta, ni sai a wata na uku na lura na hau benen ina waya. Maganin ƙarin jini kuwa kada ki saya da ka sai an gwada ki, musamman idan akwai sikila, domin ƙarfen na iya taruwa ya taɓa hanta. Idan kuma kina sha, ki ɗora kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa.