Sayen motar hannu da ɗan kuɗi: inda aka fi yin tuntuɓe

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, naira kuma ta rikito a watan da ya biyo baya, kuɗin da a da zai ɗauko maka 'yar Beljiyam mai sheƙi yanzu da ƙyar zai saya maka wadda ta shekara biyar tana shan ƙurar gida. Shi ya sa ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka koma kan motar hannu, wadda wani ya hau ya gaji, ko buƙata ta sa shi rabuwa da ita. Akwai na kirki a cikinsu, ba kaɗan ba. Matsalar ita ce a wannan cinikin kowa ya san motar ban da mai saye. Mai ita ya san ciwonta, dillali ya san abin da aka lulluɓe da fenti, kai kuwa sheƙi kawai kake gani.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa ana yin sa tun kafin a bar gida. Mutum ya tara kuɗi, ko ya ɗauki adashi, sai ya tafi neman motar da za ta cinye kuɗin kaf, har ya ranto ciko. Ranar da ya shigo da ita layi ana ta "Allah ya sanya alheri", aljihunsa kuwa ko na juyen baƙin mai babu. Alhali babu motar hannun da ba ta neman wani abu a watan farko: taya biyu, batir, shokazoba, famfon mai, canjin takardu, inshora, ga la'adar dillali. Ni shawarata, duk abin da kake da shi ka raba shi biyar, ka sayi mota da kashi huɗu, ɗaya ya zauna a banki. In motar da ranka yake so ta fi ƙarfin kashi huɗun nan, to ba taka ba ce tukuna.

Daga nan sai zaɓen iri. Mai ɗan kuɗi yakan ga babbar mota ta alfarma, tsohuwar Marsandi ko BMW ko wata jif mai silinda shida, ana sayar da ita ƙasa da kuɗin Corolla, sai ya ɗauka ya yi tsintuwa. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa ta yi araha ba. Mai ita ya gudu ne daga kuɗin mai da kuɗin gyara, yana neman wanda zai gada. Ita kuma Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 ba don kyau take tsada ba: ba ta shan mai, injinta da sarƙa yake aiki ba bel ba, kowane bakanike ya san ta, kuma ranar da ka so sayarwa ba za ta kwana a hannunka ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya duba Pontiac Vibe, wadda ƙanwar Toyota Matrix ce, injinsu ɗaya, sunan ne kawai ya rage mata farashi.

Kowace mota da ciwon gidansu, kuma sanin ciwon kafin a je kallo shi ne rabin aikin. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, injinta mai silinda huɗu yana da ƙarko, amma ƙafarta ta gaba ba ta son sakaci. Kowa ya taɓa ganin wata a bakin titi taya ta karkace ta durƙusa saboda boljoyin. Mai silinda shidan ta farkon shekarun kuma an san ta da matsalar giya. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa Muscle, da yawansu suna shan baƙin mai a hankali ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba, sai ka wayi gari inji ya buga. Peugeot 406 mai giyar hannu tana da daɗin hanya, kuma a Kaduna da Kano ba a rasa masu gyaranta, amma tana son mai wayarin da ya san ta, kuma in bel ɗin injinta ya tsinke aikin ba ƙarami ba ne. Kafin ka tsayar da zuciya kan iri ɗaya, ka ɓata yini guda a Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ko Apo in kana Abuja. Tambayi kuɗin inji, giya, fitilar gaba da shokazoba na motar. In ka shiga shago uku ana ce maka "sai an aiko daga Legas", ka sami amsarka.

Yanzu ga inda aka fi asara: kallon mota da ido kawai. An wanke ta, an goge tayoyi da mai, an fesa turare, an wanke injin har yana ƙyalli. Dillali yana gefe yana cewa, "Alhaji, wannan motar Hajiya ce, daga gida sai makarantar yara. Ba abin da take nema sai direba." In ka kunna AC ka ji iska mai zafi sai ya ce, "Gas ne kawai, ranka ya daɗe." In da gas ne kawai da tuni an zuba, tunda AC mai sanyi yana ƙara wa mota kuɗi. Injin da aka wanke tas ma abin tuhuma ne, don wankin yana share sawun duk inda mai yake tsiyaya.

Ka nemi a bar maka motar ta kwana ba a tayar ba, ka zo da safe. Ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Injin da ya gaji a tashin farko yake tona kansa: ƙarar ƙarfe na 'yan daƙiƙu, rawar jiki, hayaƙi. In ka iso ka tarar an riga an ɗumama ta "don kada a ɓata maka lokaci", ka ce za ka dawo gobe. Kafin ka tayar, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa, ka ƙirga su. Ta inji, ta birkin ABS, ta jakar iska, ta mai, dole kowacce ta kama sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, ba lafiya ce ta hana ta ba, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin tef. Sa wani ya taka totur kai kuma ka tsaya a baya wajen salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, sau da yawa ringin inji ne suka tafi. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne yake shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi: in ka ga wani abu kamar madarar da aka dama da shayi ya manne a ciki, mai yiwuwa gasket ya ƙone, ruwa yana haɗuwa da mai. Da injin yana sanyi, buɗe murfin lagireto, a tayar, ka duba ko ruwan yana ta fitar da kumfa. In mai giyar otomatik ce kuma tana da sandar auna man giya, zaro ta ka goga a farin ƙyalle. Ja ko ruwan hoda shi ne lafiya. Baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin ka fara tanadin kuɗin giya.

Jikin motar ma yana magana. Fenti sabo ba aibi ba ne, hanyoyinmu da 'yan adaidaita ba sa barin mota da fentinta na asali. Abin gudu shi ne wadda ta yi mummunan haɗari aka miƙe ta. Ka zo da ɗan maganaɗisu a nannaɗe a ƙyalle, ka bi ƙofofi da gefuna. Inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila. Dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, da bonet da fitila, ko dama da hagu sun yi daidai. Ɗaga shimfiɗar but ka cire safayar taya ka leƙa ramin, don masu gyaran jiki ba su cika damuwa da gyara inda ba a gani ba, nan za ka ga walda da lanƙwasa. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da fitilar waya. Tabon ruwa a bel, tsatsa a ƙarfen kujera, busasshiyar laka a ƙarƙashin kafet, duk alamun motar da ambaliya ta ci ne. Irin waɗannan suna fitowa daga gwanjon kamfanonin inshora a Amurka, musamman bayan guguwa irin wadda ta yi wa Houston ɓarna a 2017, kuma ciwonsu na wayoyin lantarki ne, yau hon gobe gilas jibi ƙwaƙwalwar mota, ba ya ƙarewa.

Lambar da ke nuna nisan tafiya kuwa kada ka ba ta muhimmanci. Mayar da ita baya aikin 'yan mintuna ne. Motar da ta haura shekara 15 tana nuna mil dubu sittin, amma robar birki ta siɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, ka yarda da kujerar. Abin da ya fi wuyar yi wa ƙarya shi ne lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda take ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar mota: 5 tana nufin 2005, 8 tana nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan kaɗai za ka kama wadda aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekara huɗu. In ka sa lambar a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjon Copart ko IAAI suna fitowa, ka gan ta yadda take kafin a yi mata kwalliya. Akwai kuma rahoton Carfax, wanda ake saya da lambar a ga tarihin motar a Amurka.

Wani kuskuren shi ne zuwa da bakaniken da bai dace ba, ko amincewa da wanda dillali ya kawo. Har naka ma, in ka bar shi ya keɓe da mai mota minti biyar, ana iya yi masa alkawarin wani abu a cikin cinikin. Akwai kuma wanda zai ga matsala ya yi shiru don ya san garejinsa za ta dawo. Maganin abin shi ne ka biya shi kuɗin dubawa mai kyau tun kafin ku tafi, ka gaya masa ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsa ya riga ya shiga. Sannan ka haɗa da mai kwamfuta ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar tana nuna matsalolin da ke ajiye, tana kuma nuna in an share su kwanan nan, wanda shi ma amsa ce. A sa motar a rami ko a ɗaga ta a duba tsatsa, musamman wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A nan ne kuma za a ga ko an fasa tukunyar salansa an kwashe abin da ake kira indomi, wanda ake sayarwa da tsada saboda ƙarafan da ke cikinsa.

Gwajin tuƙi na zagaya layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka zuba mai da kuɗinka, ka hau babban titi, giya ta shiga har ta ƙarshe, ka ji ko tana fizga ko tana jinkiri. Ka bi hanya mai gargada da rediyo a kashe. Sannan ka tsaya wuri ɗaya minti goma sha biyar da AC a kunne, idonka a kan allurar zafi. Motar da za ta tafasa a cunkoson watan Afrilu a nan take fara nuna hali.

Takardu su ne abin da ake bari sai ƙarshe, bayan zuciya ta riga ta kwanta da motar, shi ya sa ake kau da kai daga abin da bai yi daidai ba. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka biyo ta Kwatano da Nijar bayan nan ta daji suka shigo, da takardar kwastan ta bogi ko wadda aka biya rabin kuɗi. Motar na iya shekaru tana yawo cikin gari lafiya, ranar da ka ɗauki hanyar Abuja ko Legas jami'an kwastan su tare ka, kuma ba ruwansu da cewa kai na uku ne da ka saya. Ka ɗauki lambar takardar ka je ofishin kwastan da kanka a duba. Lambar shasin da ke jikin mota ta zama ita ce a kowace takarda, harafi da harafi. In sunan da ke takardun ba na mai sayarwa ba ne, a nuna maka takardar cinikin da ta haɗa su, ko a kira mai sunan ku yi magana. "Na wana ne, ya yi tafiya" ba hujja ba ce. Motar sata da motar gado da ba a raba ba duk da wannan maganar ake sayar da su.

Kada ka ba da kafin alƙalami don an ce wani Alhaji yana hanya da kuɗi a hannu. In ya zo ya saya, akwai wata. Idan an daidaita, ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi kwafin katin shaidarsa. Canjin suna a yi shi cikin makon, a yanki inshora ta gaske, wadda mafi ƙanƙantarta ta motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ba takardar da ake bugawa a bakin ofishin lasisi ba.

Da motar ta shigo hannunka, kada ka yarda da "jiya aka yi mata sabis". Juye baƙin mai da matatarsa, sauya bel ɗin inji in mai bel ce, ka duba shekarun tayoyi a lambobi huɗun da ke gefensu, inda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019. Ka sa a duba ko wani bakanike ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan maganin zafi, alhali tana sa mota shan mai tana kuma cin inji a hankali. A mayar da shi, a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na rijiya. Kuɗin wannan duka daga kashi ɗayan nan da ka bari a banki zai fito.