Kurakuran da matuƙan jirgi mai gudu suka fi yi a ruwan Yauri, da gyaransu

Wanda ya san bakin ruwan Yelwa ta Yauri tun da can ya san yadda fito ya sauya. A da filafili ne da gora, mutum ya tuƙa har kafaɗa ta yi tsami. Yau inji ake ɗaurawa a bayan jirgi, Yamaha mai doki 40 ko 75, tafiyar wuni guda a gama ta kafin azahar. Alheri ne babba, musamman ga mutanen gungu da ke kawo mara lafiya ko mai naƙuda asibiti. Na daɗe ina shiga jirgi a ruwan nan, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaro ya koyi tayar da inji yau, gobe a danƙa masa rayukan mutum talatin.

Babban kuskure shi ne matuƙi ya ɗauki jirgi kamar babur. Jirgi ba shi da birki. In ka saki totur, ruwa ne kaɗai zai tsayar da kai, kuma sai ya ga dama. Jirgin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Kafin ka ga abu, ka gane shi, hannunka ya motsa, ka riga ka isa kansa. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkuwa. Akwai kuma abin da sababbin matuƙa ba su sani ba: farfela ce ke juya jirgi, saboda haka wanda ya firgita ya saki totur gaba ɗaya yana murɗa hannun inji zai ga jirgin ya ƙi bin umarninsa, ya ci gaba da miƙewa. Gyaran shi ne ka rage gudu tun daga nesa, ka bar wa injin ɗan ƙarfin da za ka kauce da shi. Kada gudunka ya wuce abin da za ka iya tsayawa a cikin tazarar da idonka ke gani. Kwana kuwa, a sassauta kafin a shige ta, domin murɗa inji da ƙarfi cikin gudu yana watsar da mutane waje ko ya kifar da jirgin.

Ruwanmu ma yana da nasa tarko. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da itatuwa, kuma kututturan suna nan tsaye a ƙasa har yau. In tafki ya ja baya a ƙarshen rani, kawunansu kan matso kusa da saman ruwa ba tare da sun bayyana ba. Hanyar da ka bi lafiya a watan Janairu za ta iya tsaga maka jirgi a watan Yuni. Tsofaffin masu fito da Sarkawa sun san inda kowane yake, kamar yadda manomi ya san iyakar gonarsa. Matashin da ke yanke hanya don ya riga abokinsa isa gaɓa ya zauna da su tukuna ya koya. Wurin da ba ka sani ba, ka bi shi a hankali, ka sa yaron jirgi a goshi yana duba maka. Haka ma inda kainuwa ta rufe ruwa, ko inda masunta suka zuba raga, ko inda aka san dorina na kwana.

Sai wata 'yar jar igiya da ke zuwa tare da inji, wadda ake maƙala wa makunnin kashewa. Aikinta shi ne a ɗaura ta a hannu ko a cinya, in matuƙi ya faɗa ruwa ta fizge, inji ya mutu nan take. A nan mutane kan naɗe ta a jikin inji, ko su ɗaure makunnin da roba su yar da ita. Wallahi wannan yana ba ni tsoro. Injin da ba kowa a kansa yakan karkace gefe guda, jirgin ya riƙa zagaye cikin gudu, ya dawo da farfela kan mutumin da ya faɗa. Ɗaura igiyar ba ya cin daƙiƙa biyar. A gwada ta kowace safiya: a tayar da inji, a fizge, a ga ko ya mutu.

Maganar lodi kuwa, mutanen Ngaski ba sa bukatar a tuna musu. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum sama da 150, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Wancan babban jirgin katako ne, amma cutar ɗaya ce da ta ƙananan jirage masu gudu: a cika shi har bakinsa ya kusa shan ruwa, a ɗora babura da buhuna, sannan a taka wuta. Jirgin da ya yi nauyi ba ya hawa igiyar ruwa, kutsawa cikinta yake yi. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure su. Kowa ya zauna, kada a hau kan buhu. Na san masu lodi da mai jirgi suna matsa wa direba, ga tsadar mai. Duk da haka shi ne mai magana ta ƙarshe, tunda shi ke riƙe da inji. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta ce wa matuƙi, “Ɗana, ka sauke buhu biyun nan, da jikokina a ciki.” Ya ce, “Inna, kwantar da hankalinki, in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru.” Haka ne, kowa da ranarsa, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma wanda ya yi ganganci da ran wani zai amsa tambaya.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare a ruwa, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Ana karya dokar nan ranar kasuwa, in ciniki ya kai mutane magariba. Tocilan ba ya nuna kututture. A sanya lokacin tashi na ƙarshe a tsaya a kansa. Wanda ya makara ya kwana. Hazon hunturu da hadarin farkon damina su ma hukuncinsu ke nan: in gabas ta yi baƙi, a nemi gaɓa.

Wani laifin da mai jirgi mai gudu ba ya ko waiwayawa ya gani shi ne igiyar ruwan da yake bari a baya. Ita ce ke kifar da ƙaramin kwale-kwalen masunci ko na mata masu zuwa gona. Kusa da su, da kusa da mashaya da wurin wanka, a sauko da gudu sosai. In jirage biyu suka fuskanci juna, kowa ya kauce damansa, mai son wuce wani kuma shi ne zai ba da tazara.

Rigar ruwa mai hana nutsewa an sha raba ta, daga NIWA da HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke da madatsun wutar lantarki, amma sau da yawa matashin zama take komawa. Direba ya fara sa tasa, ya ƙi tayar da inji sai kowa ya ɗaure igiyoyinta. Riga a buɗe takan zame ta kai da zarar an faɗa ruwa. Gwanin iyo ma in ya bugu a kai ba ya iyo. Tramol da waya a hannu da taba kusa da jarkar fetur kuwa, fasinja ya gani ya sauka kawai.

In mutum ya faɗa ruwa, a sa wani ya riƙa nuna shi da hannu kada ya ɓace, a dawo a hankali, a kashe inji kafin a matso kusa da shi, sannan a miƙa masa gora ko igiya ko jarkar da ba komai a ciki. In jirgin ne ya kife bai nutse ba, a riƙe jikinsa, domin gaɓa ta fi yadda ido ke nunawa nisa. Kuma kafin a tashi, a rubuta sunan kowane fasinja da garinsu a bar takardar a tasha, don masu ceto su san mutum nawa suke nema.